Hanyar Mai Daga Tanki Zuwa Inji: Jawabi Ga Fatake Da Masu Motoci

Tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin kowane mai inji ya sake. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kana ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Nauyin nan ya faɗo bisa direba mai jigila tsakanin Bunguɗu da Gusau, da ɗan kabu-kabu, da manomin rani mai jan ruwa daga gulbin Sakkwato. Tsada ta tura jama'a ƙofa biyu, watau neman mai mai araha ko daga ina ya fito, da juya inji ya koma shan iskar gas. Kowace ƙofa da haɗarinta, ba kuwa mai gane haɗarin sai wanda ya san yadda mai ke isa cikin inji.

Fetur ba ya ci da kyau sai ya gauraya da iska, misalin awo goma sha biyar na iska ga awo guda na mai. Dabarar dauri ita ce kafireto. Inji ya zuƙi iska ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, ƙarfin zuƙar ya jawo mai ta ɗan rami, su haɗu su shiga, fulogi ya ba su wuta. Haka Fijo 504 ta Kaduna ta ke, haka kuma yawancin babura da injinan ban ruwa su ke har wa yau. In kafireto ya toshe, bakanike ya kan kwance shi a gindin itace, ya wanke, ya busa, ya mayar, kuɗin aikin kaɗan ne.

Motocin da a ke kawowa daga Turai yanzu injekta gare su. Famfo na cikin tanki ya turo mai da ƙarfi, ya bi ta matata, wata na'ura mai ƙwaƙwalwa ta auna iskar da ta shigo, sa'an nan ta buɗe nozul ya fesa gwargwadon bukata. Shi ya sa ba su cika shan mai ba. Amma ramukan nozul ƙanana ne ƙwarai, ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa ya isa ya ɓata su. Famfon kuma man da ke cikin tanki shi ke sanyaya shi, saboda haka direban da ya saba tafiya da tanki a bushe, yana zuba lita biyu lita uku, ajalin famfonsa ya ke kusantowa.

To, a nan ne ƙofar farko ke cuta. A farkon shekarar 2022, an shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, motoci suka lalace, layi ya cika gidajen mai a ƙasa duka. In man da ya biyo ta hannun hukuma ya iya zama haka, ina ga na jarka da kwalba, wanda ba a san inda ya kwana ba? Wanda aka sirka da kananzir yana sa inji ƙwanƙwasa, fulogi ya yi baƙi. Gwamnatin Zamfara ta hana sayar da mai cikin jarka a 2021 saboda sha'anin tsaro, amma ko ba doka, mai injekta ya san araha ba ta ado. Malamai kuwa sun san hukuncin algus a babin ciniki, ya kyautu su riƙa tuna wa 'yan bumburutu cewa sirka mai da zuba tsakuwa cikin gero abu guda ne.

Ƙofa ta biyu ita ce iskar gas, kada a rikita ta da man gas na manyan motoci. Ita ma iri biyu ce. Akwai ta girki, wadda waɗansu manoman rani su ka koma gare ta bayan 2023 ta hanyar sake kafireton injin ban ruwa. Wannan ta fi iska nauyi, in ta tsiyaya ƙasa ta ke kwantawa, tartsatsi guda ya tashe ta. Akwai kuma CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaɗa ta a 2023. Ita a kan danna ta cikin tukunya da matsi ninki 200 na iskar sarari, ba tukunyar da ke ɗaukar wannan sai wadda aka ƙera dominta. A watan Oktoba, 2024, wata mota mai tukunyar walda ta fashe a gidan gas a birnin Binin, mutane su ka ji rauni.

Har yanzu da sauran lissafi. Tukunyar CNG tana da nauyi, tana cin wurin kaya, tafiyarta kuma ba ta kai ta tankin fetur nisa ba. Bututun gas da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya taso ya bi Kaduna zuwa Kano, bai ratso Zamfara ba. Ashe duk gas ɗin da za a sha a Gusau ko Tsafe a mota za a kawo shi, kuɗin dako kuwa kan mai saye ya ke ƙarewa.

Saboda haka falken Bunguɗu, kafin ya biya kuɗin juya motarsa, sai ya tabbata akwai gidan gas a kan hanyar da ya ke bi kullum, ya ga shaidar tukunyar da idonsa, ya kuma ƙidaya buhu nawa za ta rage masa a kowane sawu. Wanda ya zaɓi zama a kan fetur, ya sha a gidan mai sananne, ya sake matata a kan kari, kada kuma ya bari tanki ya bushe.