Zafin da ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki: wane maganin gida za a bari, wanne za a hana?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san wahala ba ta ƙarewa ranar sallama. Ana komawa gida da takardar maganin hawan jini da asfirin, a yi wa Allah godiya da ya bar rai. Bayan wata biyu ko uku sai majinyaci ya fara kukan wani sabon abu: hannun da ba ya motsi yana zafi kamar an zuba barkono, kafaɗa ta hana barci, wani ma rigar jikinsa ba ya son ta taɓa shi. Daga nan iyali ke shiga yawo, yau wanzami, gobe maɗori, jibi mai sassaƙe da aka ji tallarsa a rediyo, har kuɗin gero da na awaki su ƙare.

Ban ga laifinsu ba. Mutumin da aka sallama ba tare da an faɗa masa cewa zafi na iya zuwa daga baya ba, dole ya ɗauka jifa ne ko shafar iska. Sai dai ina ganin lokaci ya yi da za mu daina zancen "na asibiti ko na gargajiya" kamar ana zaɓen jam'iyya. A duba wane irin ciwo ne, sannan a duba me maganin yake yi wa jiki.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda tushensa cikin ƙwaƙwalwa yake, a wurin da jini ya toshe ko ya tsinke. Likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, su ne suka bayyana shi tun 1906. Hanyar da ke kai saƙon taɓi da zafi da sanyi ce ta lalace, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa jin ƙuna alhali fata lafiyarta lau. Wani bincike da aka yi a Danmak ya same shi ga kusan mutum 8 cikin 100 a shekarar farko. Iskar hunturu ko ruwan alwala mai sanyi kan tayar da shi, shi ya sa a gidajenmu ake kiransa "sanyi". To, idan matsalar tana cikin kai, tsaga hannu ko kafa ƙaho a damtse ba zai kai wurin ba. Haka ma farasitamol da dikulofenak na ƴan tallar magani, ba su cika yi masa komai ba. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne magunguna irin su amitiriptilin, wanda a farmasi aka fi sani da Laroxyl, tsohon magani mai araha da likita ke farawa da kaɗan da dare. Yana sa barci da bushewar baki, yana ɗaukar makonni kafin ya kama, kuma ba kowane mai ciwon zuciya ya dace da shi ba. Mutane da yawa ba su taɓa jin akwai shi ba.

Ciwon kafaɗa kuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa da hannunmu muke jawo shi. Naman da ke riƙe kan ƙashin damtse ya saki, nauyin hannu na jan sa ƙasa. Sai mu zo mu kama wannan hannun mu ɗaga tsoho daga tabarma, ko mu ja shi mu ɗora bisa kabu-kabu. Da ya fara kuka sai a ce targaɗe ne, a kira maɗori ya ja ya murɗa. Maɗori gwani ne a karaya, wannan kuwa ba karaya ba ce. Matashin kai a ƙarƙashin hannu idan yana zaune, ɗaga shi ta ƙugu ko ta ɓangaren da ke da lafiya, da motsa gaɓoɓin a hankali kullum yadda masu kine ke koyarwa, sun fi kowane man shafawa amfani. Wannan motsin ne kuma ke rage ƙagewar da ke dunƙule yatsu da gwiwar hannu.

Akwai abubuwan da nake ganin babu dalilin hana kowa. Addu'a da tofi da ziyarar ƴan uwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da jiya yake riƙe da gida yau sai an kai shi bayan gida. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan cuta suna faɗawa ciwon damuwa, damuwa kuwa tana ƙara wa ciwo nauyi. Tausa mai taushi da man kaɗe ko man zaitun, idan majinyaci na jin daɗinta, a yi. Zuma a koko, in babu ciwon suga, ba wanda zai yi gardama.

Akwai ma wata dabara da kusan ba ta cin ko dala: madubi. Ana tsayar da shi a gaban majinyaci ta yadda zai ɓoye shanyayyen hannun, ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon madubin, ƙwaƙwalwa ta ga kamar wancan ne ke motsi. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 60, ya nuna tana taimaka wa motsin hannu, kuma tana rage zafi musamman ga masu hannun da ya kumbura yana raɗaɗi. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma madubi ba ya huda fata.

Allurar Sin, wato soka siraran allurai a wasu wurare na jiki, ba baƙuwa ba ce a Nijar, domin tun 1976 ayarin likitocin ƙasar Sin ke zuwa aiki a asibitocinmu. Wasu masu ciwon kafaɗa suna samun sauƙi da ita. Amma yawancin binciken da ke yabonta ƙanana ne kuma ba su da ƙarfi sosai, don haka in za a gwada, a gwada a asibiti da sabuwar allura, a sa wa'adi. In an yi makonni ba a ga canji ba, a tsaya. Kada a sayar da gona.

Inda nake cewa a ja layi shi ne duk abin da ke yanka, ko ƙonawa, ko raba mutum da ƙwayar hawan jininsa. Na san matsayin ƙaho a zukatan Musulmi, kuma ban zo rushe shi ba. Amma wanda ke shan asfirin, balle magungunan tsinka jini masu ƙarfi, jininsa ba ya saurin tsayawa. Ɓangaren da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai a yi gashi da ruwan zafi ko a yi lalas, fata ta sale majinyaci bai sani ba sai da aka ga bororo. In da ciwon suga a ciki, gyambon na iya kai wa ga yanke ƙafa.

Abin da ake sha ya fi ba ni tsoro, don ba a ganin ɓarnarsa da ido. Jiƙo da yawa ana haɗa shi da kanwa, kanwa kuwa ɗauke take da sinadarin nan na gishiri da likita ya ce a rage. Dikulofenak yana ɗaga hawan jini, in ya haɗu da asfirin yana iya fasa gyambon ciki. Tramol da ake saye a bakin tasha yana iya tayar da farfaɗiya, ga ƙwaƙwalwar da ta riga ta samu tabo. Mafi muni shi ne mai maganin da zai ce a ajiye na Nasara tukuna don kada su yi faɗa da nasa. Hawan jini shi ne babban abin da ke kawo wannan cuta, kuma wanda ta taɓa kamawa yana cikin haɗarin ta dawo. Ban san me ya sa ake barin mutum ya sayi rabin awa a gidan rediyo yana rantsuwa zai tayar da shanyayye cikin kwana bakwai ba, babu wanda ya tambaye shi takarda.

Su ma ma'aikatan lafiya akwai nasu rabon. Masu kine sun taru a manyan birane, Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa, mutumin ƙauye kuwa majo na CSI kaɗai yake da shi. Minti goma na bayani da Hausa ranar sallama, a gaban wanda zai yi jinyar, zai rage yawon nan. Kuma idan majinyaci ya ce yana shan jiƙo, kada a yi masa tsawa. Wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake faɗa ba, zai ci gaba da sha ne a ɓoye. A ce ya zo da kwalbar da ƙullin garin a gani.

Kowace 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yi jawabai a baje sassaƙe a watse. Da za a ɗauki rabin wunin nan a zauna da sarakunan aska da maɗora na kowace jiha, a roƙe su tambaya biyu kafin su taɓa duk mai shanyewar ɓarin jiki: kana shan maganin tsinka jini? Wurin nan, in na taɓa, kana ji?