Lauyan kamfani kan ci shari'a tun kafin a je kotu

Lokacin da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar uranium ta Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatansa kusan 600 sun samu kuɗin sallama. Ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila kuwa ba su shiga wannan tsarin ba, alhali wuri ɗaya suke zubar da gumi. Takarda ce ta raba su: sunan wanda ya ɗauke su aiki.

A nan ne aikin lauyan da ke kare masu kamfani ya fi ƙarfi. Shi ke tsara kwantaragi, ya nuna wa mai gida yadda ake rubuta takardar gargaɗi, da matakan da za a bi kafin sallama. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce ba a korar ma'aikaci sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma korar wakilin ma'aikata na buƙatar izinin sufeton ƙwadago. Lauyan ya san haka, shi ya sa yake tara hujja tun da wuri.

Matashin da ya kama aiki da baki kawai a Maraɗi, Damagaram ko Yamai kan isa gaban sufeto hannu rabbana. Mafitarsa ita ce ya riƙe kwafin kwantaragi, takardun biyan albashi da lambarsa ta CNSS tun daga watan farko, domin hujja alƙali ke dubawa.