Kusu a akwatin maciji, hannun yaro a rami: wannan wasa ya isa haka



Tun satin da ya wuce wani bidiyo ke yawo a WhatsApp, kuma an turo mana shi ya fi sau goma, wasu har da alamar dariya. Wani mai wasa da maciji ne a wata kasuwa ta yankinmu, ba za mu faɗi wacce ba. Ya buɗe akwati, ya jefa kusu mai rai gaban maciji, jama'a sun yi da'ira suna ihu. Kusun ya bi kusurwa huɗu yana neman mafita, aka sare shi, ya yi ta shure-shure, mutane na tafi. Daga nan sai mai wasan ya fito da ƙullin magani, dala ɗari ɗari, wai duk wanda ya sha maciji ba ya kama shi.

Mun kalli bidiyon sau uku. A na ukun ne muka lura da yaron da ke gefe riƙe da gwangwani, wanda shekarunsa ba su wuce goma ba. Shi ne ya kawo kusun. Aka ba shi dala goma.

To ina ya samo shi? Kowa a nan ya san amsa: a rami, a gindin rumbu ko a bakin gona, da hannu. Kuma kowane manomi a Damargu ya san wa ke kwana a ramin kusu idan rana ta yi zafi. Kububuwa ba ta haƙa rami, na wani take shiga. Ita ce macijiyar da ta fi kashe mutane a ƙasashenmu na Sahel, ga ta ƴar ƙarama, launinta launin rairayi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya tashi ya koma gida da ƙafarsa, a ce ai da sauƙi, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari. Wato saboda CFA hamsin muna aika yaro ya cusa hannu a ɗakinta. Babban da ya miƙa kuɗin nan, da manyan da suka tsaya suna tafi, duk da su a cikin alhakin.

Mun san abin da za a ce mana, don an riga an faɗa mana a waya. Wani dattijo ya ce: "Malam, kusu fa ɓarawo ne, shi ke cinye mana gero, yau kuma shi kuke wa kuka?" Baba, gaskiyarka ce. Babu wanda ya taɓa shuka gero sau uku a damina ɗaya saboda ɓeraye sun tone iri da zai ji tausayinsu. Addini ma ya halatta kashe ɓera, yana cikin dabbobin da aka ba da izinin kashewa don cutarwarsu. Amma addinin nan dai shi ne ya ce in za a kashe a kyautata kisa, kuma shi ne ya hana a tsare dabba mai rai a mai da ita abin wasa har ta mutu. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Izinin kisa daban, izinin yin kallo da azaba daban. Wanda ya kama kusu a rumbunsa ya buge shi nan take, ba mu da magana da shi.

Wani kuma ya ce ai a daji ma haka maciji ke ci. Ƙwarai. Amma a daji kusu na da hanyar gudu, macijin kuma shi ke zaɓen lokacin da zai yi farauta. A cikin akwatin katako babu mai zaɓi a cikinsu. Abin da ƴan kallo ba su sani ba shi ne, shi kansa macijin yana cikin wahala. Maciji kan yi makonni bai ci komai ba, in kuma yana cikin tsoro ko yana shirin saɓa sai ya ƙi abinci gaba ɗaya. In aka bar masa kusu mai rai a akwati, kusun ne ke komawa yana gaigayar macijin, ya cije shi a ido ko a baya har ƙashi ya fito. Likitocin dabbobi a Turai sun san wannan ciwo sarai, shi ya sa masu kiwon maciji a can suke ba shi matacce wanda aka ajiye a firji. A Ingila dokar kare dabbobi ta 2006 tana iya kai mutum gaban alƙali in ya jawo wa dabba wahala ba gaira ba dalili. A Faransa ba ka isa ka ajiye maciji mai dafi a gida ba sai da takardar shaidar ƙwarewa daga hukuma. Ba muna cewa mu zama Faransa ba ne, mu da ko ruwan sanyi sai an yi sa'ar wuta. Muna faɗa ne don kar a ce mana babu wata hanya.

Ga kuma wani abin da ba a lissafawa: kusun da yaro ya iya kamawa cikin sauƙi sau da yawa wanda ya ci guba ne, ko marar lafiya. Zazzaɓin Lasa da ke kashe mutane kowace shekara a Najeriya, ɓera ne ke ɗauke da shi, ta fitsarinsa da kashinsa. A garin Lasa na jihar Borno aka fara gano cutar a 1969, kuma Borno ba bangon duniya ba ce gare mu. Yaron nan da ya riƙe kusu da hannu, da hannun nan zai ci ƙosai.

Amma babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ƙullin maganin. Shi kusun talla ce kawai. Ana jefa shi don a nuna wa jama'a cewa macijin na da dafi, sannan mai wasa ya naɗa shi a wuya don a ce magani ne ke tsare shi. Da yawa daga cikin macizan da ake wasa da su an cire musu haƙoran dafi, kuma ba lalle ne wanda ya sari kusu shi ne ake naɗawa a wuya ba. Haƙoran nan kuwa suna sake tsirowa, shi ya sa ake jin labarin masu wasan da macijinsu ya halaka. Gamsheƙa mai feshi ma ba ta buƙatar sara, daga nesa take watsa dafi a ido, yara kuma su ne a sahun gaba.

Manomin da ya sayi ƙullin nan ya koma ƙauye da imani cewa ya tsaru. Ran da aka sare shi a gona lokacin yankan gero, maimakon a ɗora shi a babur zuwa likita, sai a jiƙa magani, a ɗaure ƙafa da igiya, a tsaga wurin da reza, a jira. A yankin da daga wasu rugage zuwa CSI mafi kusa tafiyar sa'o'i ce a cikin rairayi, daga Tanut zuwa babbar likitar Damagaram kuma kusan kilomita 150 ne, jiran nan shi ke kisa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙiyasta mutum 81.000 zuwa 138.000 ke mutuwa da shi kowace shekara a duniya. Abin da ke karya dafi guda ne: allurar serom. Ita ma ta yi tsada, ta yi wuya, tun da kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, wanda ragowarsa ta ƙare aiki a 2016. Wannan rashin ne ya buɗe wa masu ƙulli kasuwa, kuma a nan laifin ya wuce kansu, ya hau kan duk mai ikon da bai tabbatar da serom a likitocin karkara ba kafin damina.

Ba mu raina gardawa ba. Sana'a ce ta gado, kuma akwai cikinsu waɗanda in maciji ya shiga ɗaki su ake kira, su fitar da shi ba tare da kowa ya ji rauni ba. Wannan aiki ne da ya cancanci a biya su. Su bar mana shi, su bar wasan kusu da sayar da ƙarya.

Ƙasarmu na da dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma jami'an gandun daji suna nan a Tanut da Belbeji. Mai wasan nan ya biya kuɗin tikitin kasuwa kamar kowa, ke nan an gan shi. Muna roƙon magadan gari da sarakunan kasuwa su hana sayen kusu daga hannun yara, su hana buɗe akwatin maciji a tsakiyar taro. Ku kuma da kuka turo mana bidiyon, don Allah ku daina yaɗa shi.

A shirinmu na gaba za mu gayyato majo daga likita ya bayyana abin da ya kamata a yi a sa'a ta farko bayan sara. Duk mai wasa da maciji da ke ganin mun zalunce shi, ya zo, za mu ba shi makirho, amma ya bar akwatin a gida.