Itacen Turare: Kafin Mu Aika Kuɗin Dashe Gida

Yau ina so mu tattauna kan wata sana'a da na ga tana shiga ran mutanenmu a nan Sabo, wato mutum ya aika kuɗi gida a cika masa gona da itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. Hujjar masu yi a fili take: yana saurin girma, yana miƙewa sambal, dabbobi ba su cika cin ganyensa ba, kuma magina na sayen sandunansa. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, na san daɗin jarin da ba ya neman a tsaya a kansa kullum. Amma ra'ayina shi ne kada mu dasa shi kusa da gidaje da rumbuna, kada kuma mu cika gona da shi shi kaɗai.

Wannan itace ba namu ba ne, asalinsa daga Ostireliya yake, ƙasar da dajinta ya saba da gobara. Ganyensa na ɗauke da mai, shi ne ƙanshin da ake ji idan an murza shi, kuma man nan na saurin kama wuta. Yana zubar da ɓawo da busasshen ganye su taru a gindinsa, ba sa ruɓewa da wuri. Idan wuta ta kama, iska kan ɗauki ɓawon yana ci ta jefa shi can gaba, sai wata wutar ta tashi inda ba a zata ba. Bayan gobara kuma shi yakan sake tohowa, maƙwabtansa ne ke yin asara.

Ƙasashen da suka ɗauko shi sun ga abin da idonsu. A watan Oktoba na 1991 gobara ta tashi a tsaunukan Oakland da ke Kalifoniya a Amurka, inda turare ke da yawa, ta kashe mutum 25, ta cinye gidaje wajen 3,000. A Fotugal, inda ake nomansa domin yin takarda, gobarar Pedrógão Grande ta watan Yunin 2017 ta kashe mutum 66, da yawansu a kan titi suna ƙoƙarin tserewa cikin motoci. A shekarar ce majalisar ƙasar ta yi dokar taƙaita buɗe sabbin gonakinsa.

Wani zai ce ai itace ba ya kunna wa kansa wuta. Gaskiya ne. A wuraren nan biyu akwai fari, da iska mai ƙarfi, da wasu itatuwan da su ma suka ci wuta. To amma wanne ne babu a garuruwanmu? Daga Nuwamba zuwa Afrilu ko ɗigon ruwa ba a samu, iskar hunturu na kaɗawa, masu farautar gafiya na cinna wa daji wuta, ga dangar kara da rufin ciyawa. Motar kashe gobara kuwa, ƙauye nawa ne za ta isa kafin a gama ƙonewa?

Wani kuma zai ce gwamnati da kanta ta dasa shi. Haka ne, bayan farin shekarun 1970 an yi shingayen itatuwa da turare da darbejiya a Arewa domin tare iska da hamada, kuma sun yi amfani. Sai dai waɗancan layuka ne a fili, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gandun daji. Mu kuwa muna Ibadan ko Shagamu ko Agege, sai da salla muke leƙawa gida. Wa zai share gindin itacen? Iyayenmu da ƙannenmu ne ke kwana kusa da shi, mu muna nan muna lissafin riba.

Ga shawarata. Wanda ya riga ya dasa, ya ware kuɗin sharar gindi duk ƙarshen damina, a kuma share fili kewaye da gonar yadda wuta ba za ta tsallaka ba. Wanda bai dasa ba, ya dubi abin da manoman Maraɗi suka fara a shekarun 1980, inda suka riƙa barin kututturen itatuwan gargajiya su toho suna yi musu sassabe, har miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin Nijar. Muna da gawo mai ƙara wa gona taki, da tsamiya, da ɗorawa, da kuka, da kaɗanya. Ba su da saurin turare, amma kowanne na kawo abin miya ko abin sayarwa shekara da shekaru.

Don Allah a kai wannan magana zaurukan sarakunan Hausawa da taron ƙungiyoyin garuruwanmu kafin damina ta faɗi. Allah Ya kare mu da iyalanmu daga gobara, amin.