Cipro Ba Gyaɗa Ba Ce

Jama'ar Kibiya da Rano, ku tuna 1996, shekarar sanƙarau, da Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu.

To, Cipro da ake talla a faranti ran kasuwa dangin Trovan ne. Magani ne nagari, amma ba na mura ba, ba na zazzaɓin sauro ba. Sai likita ya rubuta, balle ga yaro da mai ciki. Kada a kora shi da nono, ƙarfinsa zai ragu. In agara ta soma ciwo, a dakata, a koma asibiti.

Mai shan biyu ya bari, cuta yake koya wa taurin kai. Talakawa, araha ba ta ado!