Ɗakin Hoto: Garin neman gira, fuskar jaruma ta lalace

WANI matashi mai ɗaukar hoto a garin Babura ta Jihar Jigawa ya samu aikin da ya daɗe ya na mafarki. Wasu samari masu shirya fim su na ɗorawa a YouTube ne su ka ba shi kwangilar hoton fostar sabon fim ɗin su. Ya aro babbar kyamara ƙirar Canon, ya fita da jarumi da jaruma bayan gari da hantsi, ana tsakiyar hunturu, ya yi ta ƙyastawa.

Da ya zuba hotunan a kwamfuta sai gaban sa ya faɗi. Duk sun yi dishi-dishi, ko na wayar sa sun fi su fitowa. Gogan naka bai yi wata-wata ba, ya kama sandar ƙara kaifi ya ja ta har ƙarshe. A ɗan ƙaramin allon laftof hoto ya yi tar. Aka tura Kano, aka bugo fosta, aka ɗoro ta a mota.

Ranar da aka warware ta, tsit ka ke ji. Duk wani ƙurji da ɓurɓushin hoda sun fito ɓaro-ɓaro a fuskar jaruma, ga wani farin zare ya zagaye gyalen ta, sararin sama kuwa kamar an watsa masa yashi. Furodusa ya dube shi ya ce, "Haba ɗan'uwa! Wannan ai kakar ta ka ɗauko mana." Jaruma ta rantse ba za a manna wannan abu da sunan ta ba. Kuɗin bugu dai a aljihun mai hoto ya fita.

To, ina gizo ke saƙar? Kyamarar da ya aro an saita ta ne a kan RAW, wato ɗanyen hoto. Canon na ajiye shi da sunan CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony kuma ARW. Hoton JPEG da kowa ya saba da shi dafaffe ne: kyamara ko waya ta riga ta zuba masa launi da kaifi kafin mai ita ya gani. Ɗanye kuwa tamkar cefane ne, girkin na hannun edita. Saboda haka laushin sa ba lalacewa ba ce, kuma ya fi JPEG ɗaukar gyara nesa ba kusa ba. Ga kuma hazon hunturu da ya ƙara disashe komai.

Abin da matashin bai sani ba shi ne, ƙara kaifi ba ya ƙirƙiro abin da babu a hoto. Dabara ce ta yaudarar ido: duk inda haske ya haɗu da duhu, kamar bakin gira ko gefen hula, sai manhaja ta ƙara wa haske haske, duhu duhu. Idan aka zarce, shi ne farin zaren nan ke bayyana. Kuma ita manhaja ba ta san bambancin gashin ido da ƙurji ba. Duk ɗaya ta ke wasa su.

A manhajar Lightroom, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 2007, sandunan kaifi huɗu ne a jere. Kafin a taɓa ko ɗaya, a buɗa hoton zuwa kashi 100, a tsaya a kan idon jaruma, domin ƙaramin hoto maƙaryaci ne.

Sanda ta farko ita ce yawan kaifi. Ta kan fara daga 40 ga ɗanyen hoto, iyakar ta 150. Ga fuskar mutum, da wuya a bukaci yin nisa da inda ta fara. Ta biyu faɗin kaifin ce. A bar ta wajen 1.0. Ta uku ita ke tono ƙananan abubuwa. Ta na kyau da aikin zare na babbar riga, amma ita ce abokiyar gabar fata.

Ta huɗu ce sarauniya, kuma ita ce ya manta. A danne maɓallin Alt a ja ta, sai hoton ya koma baƙi da fari. Inda ya yi fari nan kaifi zai sauka, inda ya yi baƙi an kare shi. A yi ta ja har kumatu da sararin sama su yi baƙi ƙirin, ya rage ido, gira, leɓe da bakin gyale.

Idan hoton na dare ne mai ɗige-ɗige, a fara rage su tukuna, in ba haka ba su za a wasa. Sannan a lokacin fitarwa, na takarda ya fi son ɗan ƙarin kaifi a kan na allon waya, don tawada na ɗan bajewa. A fitar da biyu daban-daban.

Sai dai fa akwai cutar da ba ta jin magani: idan tun a lokeshin kyamara ta kama bishiyar baya ta bar idon jarumi, ko hannu ya girgiza, babu sandar da za ta dawo da shi yadda ya kamata. A duba hoto tun 'yan wasa ba su watse ba.

Shi dai mutumin Babura Allah ya taimake shi, domin gyaran Lightroom ba ya taɓa asalin ɗanyen hoto. Ya koma ya sauke sandar, ya kare fatar jaruma, ya fara buga ɗan ƙarami ya kai mata. Ta daɗe ta na kallo, sannan ta ce, "Yauwa Malam, yanzu na ga kai na."