Wai Shin Mene Ne Rashin Ladabi?



Ya kai mai karatu, na san akwai zauren WhatsApp a wayarka, ko na iyayen yara, ko na 'yan ajinku, ko na dangi. Duba dokokin da aka kafa a ciki, za ka tarar da wannan: "Ban da rashin ladabi." To, amma wa ya taɓa zaunar da kai ya faɗa maka abin da ake nufi?

Na taɓa zama a wani zaure inda wani uba ya tambayi yadda aka kashe kuɗin tabarmi da aka tara. Bai zagi kowa ba, amma kafin la'asar an fitar da shi, wai ya yi rashin ladabi. A satin nan kuma wani ya kwaikwayi in'inar wani yaro, aka yi ta dariya, ba wanda ya ce uffan. Ka ga, dokar da ba a fayyace ba takan zama bulala a hannun mai iko, ya doki wanda ya ga dama.

Ko gwamnati ba ta tsira daga wannan ba. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ya haramta saƙon da zai ɓata rai ko ya ci mutunci, ba tare da an shata iyaka ba, har aka riƙa kama 'yan jarida da shi. A 2020 kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, sai a 2024 aka yi masa kwaskwarima.

Mu kuwa an riga an koya mana hanya. Buɗe Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ka ƙirga da kanka. Abubuwa 6 aka ambata ɗaya bayan ɗaya: izgili, aibanta juna, jifa da munanan laƙubba, mummunan zato, bin diddigin asirin mutane, da giba. Aya ta 6 kuma ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labarin fasiƙi. Mai tura duk abin da ya shigo wayarsa, sai ya yi hattara. Ita giba ma an bayyana ta a hadisin da Muslim ya ruwaito: ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne. In ƙarya ce, ta zama ƙage.

Sannan malamai ba su bar ƙofa a rufe ba. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihin, ya kawo wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, kamar wanda aka zalunta ya kai ƙara, ko neman fatawa, ko gargaɗin jama'a game da mai cutarwa. Ashe ke nan ba kowace magana mai ɗaci ce rashin ladabi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani zai ce, "Malam, ai ɗan halas ya san ladabi, ba sai an rubuta ba." Haka ne a zauren gida, inda kowa ya san kowa. Amma zauren waya na iya ɗaukar mutum fiye da 1,000, ba ka ganin fuska, ba ka jin murya, ba ka san yaro ne ko dattijo ba.

Saboda haka, masu kula da zaure, ku rubuta laifuffukan da sunayensu. Ku rubuta cewa tambaya da saɓanin ra'ayi ba laifi ba ne. Ku faɗi hukunci tun farko: nasiha a keɓe, sai gargaɗi, sannan fitarwa. Hukuncin kuma ya hau kan kowa, har da ni malami.

Ku kuma ɗalibai, kafin ka tura saƙo, tambayi kanka: zan iya faɗar wannan a gaban mai shi, mahaifina yana zaune? In ba za ka iya ba, goge shi. Magana zarar bunu ce.

Allah Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, amin. Wassalam.